Clovis da Janareta Mai Haki

Mijin yayata, Clovis Guidry, shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta a garinmu na kudancin Louisiana, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ya kwance noti ɗaya da hannunsa ba. Amma ranar da ya yi ritaya sai ya wayi gari injiniya. Ya ce shi inji ba ya iya ɓoye masa komai, kunne kawai zai kasa ya ji abin da ke damunsa. Injin yankan ciyawar yayata Odile shi ya fara cin karo da wannan kunne, har yau yana bayan gida kaji na ƙwai a kansa.

Daga nan ya sayi tsohuwar motar gida, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ya sa mata suna Sarauniya. A gefenta akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki da janareta ke zaune, mai ba da wuta idan an sauka inda babu lantarki. Littafin da ya zo da janaretan kuwa Clovis bai taɓa buɗe shi ba. Ƙafar teburin cin abinci ce ke rawa, sai ya cusa shi a ƙarƙashinta.

A shekarar ne 'yarsu tilo, Noelle, ta kawo miji, wani yaro mai kunya daga duwatsun Colorado, sunansa Mateo Trujillo. Aka sa rana Asabar, sha huɗu ga Yuni, har an zana kwanan watan a cikin zobban aure. Za a ɗaura auren a makiyayar dangin ango, can saman dutse mai tsayin ƙafa dubu goma, inda babu turken wuta ko ɗaya, kuma kanti mafi kusa tafiyar awa biyu ne a kan hanyar tsakuwa.

Odile ba ta nemi komai a bikin nan ba sai abu ɗaya. Ta san 'yarta ta tafi ke nan, za ta zauna nesa da teku, saboda haka ta ce abincin ranar aure daga hannunta zai fito, kuma irin na gida: jatan lande dafaffe da masara da dankali da barkono, a juye a kan tebur kowa ya sa hannu. Ni masunci ne, ni na kamo su da jirgina, laba tamanin cif. Kwana uku Odile ta yi tana wankewa tana ƙullawa a leda tana jerawa a firiza, wani lokaci tana share ido da bayan hannu tana cewa barkono ne, alhali ba a ko taɓa barkono ba tukuna. Clovis ya ɗaure firizar a tsakiyar Sarauniya, ya buga ƙirji ya ce muddin yana numfashi ko ƙanƙara ɗaya ba za ta narke ba.

Mu mutanen bakin teku ne, tudu mafi tsayi a garinmu gadar da ta haye titin jirgi ce. Da muka iso makiyayar ranar Alhamis da hantsi, Clovis ya sauko matakala uku na motar, ya tsaya ya dafa ƙofa yana haki. Na tambaye shi lafiya, ya ce kyan wurin yake kallo. Janaretan ma tun muna hawowa muryarsa ta canza. Yana aiki dai, amma tari yake yi, kuf-kuf, kuf-kuf, fitilar kicin ta yi ja kamar garwashi, firizar kuma ta tashi ta mutu, ta tashi ta mutu. Odile ta jona tukunyar kofi, komai ya ɗauke gaba ɗaya.

Ta kalli mijinta. Ya ce ta je wurin 'yarta su ji da rigar amarya, kafin ta dawo ya gama. Ta sauka tantin mata da ke ƙasan makiyaya, ta bar mu.

Muna tsaye sai ga Kaka Ramona, kakar ango, tsohuwa 'yar shekara tamanin da ɗaya, ta hawo tudun nan ba sanda ba haki, riƙe da faranti ta kawo mana burodin maraba. Ta tsaya ta saurari janaretan kaɗan.

"Daga bakin teku kuka taso ko?" in ji ta. "Ɗana, akwai wani ɗan maɓalli baƙi a jikin…"

"Kaka," in ji Clovis, yana murmushi irin na babba da yaro, "shekara talatin da ɗaya ina hira da inji. Ki je ki huta, kada hayaƙi ya shiga miki ido."

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta ajiye faranti, ta ce to, ta juya.

Clovis ya durƙusa ya manna kunne a jikin motar, ya rufe ido. Da ya tashi ya sanar da ni cewa fetur ɗin mutanen dutse ne ba shi da kyau, ruwa-ruwa ne, Sarauniya ba ta saba da shi ba. Ashe ya taho da jarka guda ta fetur ɗin garinmu. Ya zura tiyo a tankin mota ya zuƙa da baki. Zuƙa ta farko babu komai, ta biyu babu komai, ta uku fetur ya cika masa baki. Ya yi ta tofarwa yana zagaya motar, idanu jajur, yana ce mini ɗanɗanawa ya yi da gangan don ya tabbatar, kuma ga shi ya tabbatar. Muka cika bokitai da jarkokin aro har tanki ya ƙafe, ya juye galan biyar ɗinsa na gida, ya danna maɓallin tashi.

Shiru. Ko tarin ma babu.

A jikin murfin ɗakin janaretan akwai rubutu ɓaro-ɓaro cewa idan mai ya yi ƙasa da kwata na tanki janareta ba zai sha ba, don kada ya shanye ya bar mota a daji. Na nuna masa da yatsa. Ya ce ya gani tun ɗazu, gwada ni yake yi. Muka mayar da fetur ɗin mutanen dutse bokiti-bokiti, ni ke ɗauka shi yana zaune a kan taya yana ba da umarni, don a cewarsa daga zaune ya fi ganin aikin. Awa uku firiza ba wuta, kuma da janaretan ya tashi, da tarinsa ya tashi.

Ango da kansa ya zo, hula a hannu, ya ce akwai ɗan ƙaramin janareta a motarsa, ko Baba zai yarda a jona firizar a kai kafin a gama gyara. Magana ce ta hankali, da ni ne da na rungume yaron. Clovis kuwa ya hura hanci.

"Yaro, 'yata zan ba ka, ba wuta na zo roƙo ba. Jatan landen gidan Guidry ba ya yin sanyi da wutar aro."

Mateo ya ce kakarsa ma ta ce a faɗa masa wani abu game da maɓalli. Clovis ya ce a gaishe ta.

Bayan mun ci burodin, kunne ya sake kawo labari. Wannan karon yunwa ce: injin ba ya samun mai isasshe, shi ya sa ba shi da ƙarfi. Ya samo sukudireba ya buɗe kafireta, ya murɗe wani ƙusa don mai ya riƙa kwarara. Janareta ya tashi da wani irin gurnani, sai baƙin hayaƙi ya fara fitowa daga salansa, mai kauri, har da maiƙo. Clovis ya ce dattin ciki ne ke fita, alama ce mai kyau. Abin da ya manta shi ne farar kwat ɗinsa ta biki, wadda ya ɗinka musamman don raka amarya, ya rataye ta a rumfar motar ta sha iska, daidai saitin salansa. Kafin mu ankara ɓarin hagu ya zama baƙi tun daga kafaɗa har aljihu. Ya jiƙa tsumma ya goga, baƙin ya bazu har baya. Ya naɗe ta ya tura ƙarƙashin gado, ya ce idan Odile ta ji, daga bakina ta ji.

Da yamma Odile ta hawo ta tambayi jatan landenta. Ya tare gaban firizar ya ce kada a buɗe, sanyi zai fita, firiza a rufe tana riƙe ƙanƙara kwana biyu ko babu wuta. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yarda. Abin da bai faɗa ba shi ne tun rana kansa ke sara, kuma duk bayan rabin awa yakan buɗe firizar ya zaro leda guda ya ɗora a goshi, idan ta yi ɗumi ya mayar ya canza wata. Ni na gani. Ya kamata in gaya wa yayata a take, amma ban gaya mata ba, don wallahi kallon nan ya yi mini daɗi, ina son ganin inda zai kai. Wannan laifina ne, na amsa shi, kuma Odile ba ta bar ni na manta ba har yau.

Safiyar Juma'a Clovis ya tashi da sabon ƙarfi. Ya ce an daina wasa, tiyata za a yi. Ya shimfiɗa zanen gado a kan ciyawa, ya fara kwance janareta yana jera kayan cikinsa: fulogi, filta, kafireta, tiyo-tiyo, notoci manya da ƙanana. Baƙin biki sun gama isowa tun daren jiya, tantuna sun cika makiyaya, kuma da yake babu abin yi sai suka ɗauko kujerunsu na naɗewa suka kewaye shi. Clovis da ya ga taro sai baki ya buɗe. Kowane ƙarfe ya ɗaga sai ya faɗi sunansa, wanda bai sani ba ya raɗa masa sabo. Kalma uku, ya tsaya ya ja numfashi, kalma uku, ya tsaya.

Wani kawun ango ya ce, "Malam Guidry, kai da injin nan wa ya fi wani haki?"

"Shi ciwo ne," in ji Clovis. "Ni tunani nake yi."

Sifana ta zame ta daki babban yatsansa, ya shiga mota ya fito da wata ledar jatan lande a ɗaure a hannu. Sannan wani ɗan sifirin, murɗaɗɗiyar waya da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ya yi tsalle daga kafireta ya ɓace. Clovis ya ce kowa ya tsaya cik, kada a motsa ƙafa. Mutum goma sha biyu, har da fasto da ya zo daga gari, suka durƙusa suna tsefe ciyawa da yatsu kusan awa guda. Kaka Ramona na zaune a kujerarta tana saƙa, ba ta ɗaga kai ba ta ce a duba kofin kofinsa. A ciki yake. Ta sake buɗe baki za ta yi maganar maɓalli, ya ɗaga mata yatsan nan mai leda ya ce yana tsakiyar aiki mai hatsari.

Ƙarfe biyu na rana aka shirya gwajin biki, wanda ake yi ana gobe aure don kowa ya san inda zai tsaya. Clovis ya ce a dakata, a zo a ga abin tarihi tukuna. Ya haɗa janareta ya mayar ɗakinsa, amma a kan zanen gado ƙarfe uku sun rage. Na nuna masa. Ya ce masu ƙera inji da gangan suke cusa kayan da ba su da amfani don abu ya yi nauyi, shi ya rage wa Sarauniya kaya ne. Ya zuba su a aljihu.

Kowa ya taru, amarya da ango a gaba, Odile a gefensu. Clovis ya hau kan akwatin kayan aikinsa ya fara jawabi. Ya ce akwai masu karanta littafi, akwai kuma waɗanda Allah ya ba kunne. Ya ce yanzu mutanen dutse za su ji yadda inji ke waƙa idan ya haɗu da mai shi. Ya sunkuya ya danna.

Janareta ya yi shiru kamar mai tunani, sannan ya saki ƙara ɗaya, daram, har duwatsu suka amsa. Dunƙulen baƙin hayaƙi ya fito ya rufe Clovis tun daga gashi har takalmi. Karnuka suka watse, dawakan da ke ɗaure a shinge suka yi haniniya, fasto ya tsinci kansa a bayan kujera. Da hayaƙin ya washe, ga Clovis zaune daɓas a ƙasa, haƙora da idanu kaɗai ke fari, yana buɗe baki yana rufewa, iska ta ƙi isarsa.

Dariya ta ɓarke, ni ma har da riƙe ciki. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Odile matakalar mota take kallo, inda ruwa ke ɗiga daga ƙarƙashin ƙofa, ɗis, ɗis, yana bin ƙarfe yana sauka a ciyawa. Ta hau ta shiga. Muka ji an ɗaga murfin firiza. Dariyar ta mutu da kanta.

Na bi ta ciki. Babu sauran ƙanƙara, ledojin duk sun yi laushi suna iyo a ruwa. Da sanyinsu har yanzu, ni masunci ne, hancina ya gaya mini ba su lalace ba, amma ba za su kai gobe da rana ba ko da wa ya roƙa. Yayata ta zauna a bakin gado, hannuwa a cinya. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Abu ɗaya na nema, Remy." Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa ido.

Kaka Ramona ta shigo ba sallama. Ta yage leda guda, ta shinshina, ta latsa da yatsa, ta tambaye ni na yau ne ko. Na ce na yau ne kaɗai. Ta leƙa ta ƙofa ta ƙare wa makiyaya kallo.

"Wa ya rage bai iso ba?"

Aka duba, babu.

"Fasto yana nan?"

Fasto ya ɗago daga bayan kujera ya ce yana nan.

"To ga amarya, ga ango, ga abinci. Gwajin me kuma za mu tsaya yi? Ni ban da lokacin ɓatawa, shekarata tamanin da ɗaya."

Noelle ta kalli Mateo, ta kalli uwarta da ke tsaye a ƙofar mota, sai ta fashe da dariya ta ce ita dama ta gaji da jira. Odile ta share fuska, ta ɗaure gashinta, ta ce mini in fito da manyan tukwane da murhun gas, kuma idan na sake tsayawa kallo yau, da ni za a dafa.

Kafin ruwa ya tafasa, tsohuwa ta je ta tsaya a kan Clovis ta miƙa tafin hannu. Ya gane. Ya zaro ƙarafa ukun nan ya ba ta. Ta ɗora tabarau, ta durƙusa, ta mayar da kowanne mazauninsa, ta warware ƙusan da ya murɗe jiya. Sannan ta kira shi ya matso, ta nuna masa wani ɗan maɓalli baƙi a gefen kafireta, da lambobin tsayin wuri a kewaye da shi daga sifili zuwa ƙafa dubu goma. Yana kan sifili, wato bakin teku. Ta sa babban yatsa ta murɗa shi zuwa ƙarshe, ta danna.

Janareta ya tashi sumul, murya ɗaya, babu tari babu hayaƙi. Fitilar kicin ta yi fari tas, firiza ta kama aiki a kan ruwan banza.

"Ciwonku ɗaya da shi," in ji Kaka Ramona. "A nan sama iska kaɗan ce. Numfashi yake nema, kai kuma kana ta ɗura masa abinci. Zauna ka sha ruwa, ɗana, kai babu maɓallin da zan murɗa maka."

Clovis ya buɗe baki, ya rufe. Wannan ne karo na farko a shekara talatin da na ga haka, kuma na san ba zai daɗe ba.

Ƙarfe biyar na yammacin Juma'a ya raka 'yarsa gaban fasto cikin kwat rabi fara rabi baƙa, don ba shi da wata. Odile ta ga kwat ɗin, ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce za a yi maganar a hanyar komawa, kuma mil dubu ɗaya da ɗari uku ne. Aka juye tukwane a kan dogayen tebura, tururi na tashi. Mutanen dutse suka yi ta hawaye saboda barkono suna neman ƙari. Noelle ta naɗe hannun rigar amarya har gwiwar hannu, tana ɓare jatan lande da yatsu, romo na bin haɓarta. Uwarta ta tsaya daga gefe da ludayi tana kallonta, ba ta ci ko ɗaya ba, kuma ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske haka ba. Laba tamanin, ko ɓawo mai nama ba a bari ba.

Zobban dai har yau sha huɗu ga wata ke rubuce a cikinsu, takardar aure kuma ta ce sha uku. Kafin mu sauko daga dutsen Clovis ya samu numfashinsa, bakinsa ma ya dawo. Yanzu duk wanda ya zauna kusa da shi a shagon aski sai ya ji cewa a duk jihar Louisiana shi kaɗai ne uban da ya yi wa 'yarsa kyautar kwana guda na aure a kan na kowa, kuma da gangan ya tsara abin tun daga gida. Idan Odile na wurin ba ta musa masa. Takan sa hannu ne kawai ta taɓa sarƙar wuyanta, inda makullin akwatin kayan aikinsa ke rataye tun ranar.